Tokar kwal a kwaɓin kankare: takardar sinadarai ko gwajin ƙarfi, wanne ɗan kwangilar Maraɗi zai biya?

Wani Alhaji mai harkar buga bulo da ƙananan kwangiloli ya same ni a shantiye wajen unguwar Ali Ɗan Sofo, rana tsaka, da ƙullin leda a hannu. Da ya kwance sai ga wani gari mai ruwan toka, lukui kamar fulawa. Ya ce, "Injiniya, duba mini wagga toka. An ce in na haɗa ta da siminti, buhu bakwai sai su koma biyar da rabi." Na ɗiba na murza tsakanin yatsu, na ce masa, "Ranka ya daɗe, yatsa da ido ba su isa yanke wannan hukunci ba, sai labo." Sai ya yi tambayar da ta fi ta farko wuya: wane gwaji ke nan, kuma in kuɗin mutum bai isa a yi duka ba, wanne za a fara biya?

Lissafinsa bai yi kuskure ba. A tsarin da muka gada daga Faransa, kankaren dal da ginshiƙi yana cin kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato buhu bakwai masu kilo 50. In aka cire kashi 20 cikin ɗari aka maye da toka, kilo 70 ke nan, kusan buhu ɗaya da rabi. A aikin mita kubik 100, buhu 140 sun tsira. Duk wanda ya san yadda kuɗin siminti ke hawa a Maraɗi da zarar an samu tangarɗa a iyaka ko a hanyar Malbaza, inda masana'antar siminti take, ba zai ga laifin Alhaji ba. Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada. Amma mai saye ma ya kamata ya san wace toka ce ake sayar masa.

Ba kowace toka ba ce

Tokar da ake nufi a harkar kankare ita ce wadda ke tashi tare da hayaƙi a tashoshin wutar lantarki masu ƙona niƙaƙƙen kwal, a tare ta kafin ta fita sararin sama. Saboda tsananin zafin wutar, ƙasar da ke cikin kwal ɗin tana narkewa, ta daskare a iska, ta zama ƴan mitsi-mitsin ƙwallaye masu kama da gilashi. Wannan siffa ta gilashi ita ce dukiyar. Siminti in ya sha ruwa yana ɗaurewa, amma yana barin wata farar ƙasa a jikin kankaren wadda ba ta ƙara masa ƙarfin a zo a gani. Silikar da ke cikin tokar ita ke haɗuwa da wannan rarar sannu a hankali, wata da watanni, ta zama ƙarin manne mai toshe ƙofofi. Rumawa sun yi irin wannan da tokar dutse mai aman wuta ta garin Fozzuwoli shekaru dubu biyu da suka wuce. A zamaninmu kuwa, madatsar ruwa ta Hungry Horse a jihar Montana ta Amurka, wadda aka gina tsakanin 1948 da 1953, tana cikin manyan ayyukan farko da suka ci tokar kwal da yawa.

Maraɗi ba ta da tashar kwal. Wadda Nijar ke da ita ita ce ta SONICHAR a Anu Araren kusa da Cirozerin, jihar Agadas, wadda ke aiki tun farkon shekarun 1980 tana ba Arlit da Agadas wuta. Abin da ya fi taruwa a can shi ne tokar gindi, wato wadda ke zubewa a ƙasan tanderu, mai tsakuwa-tsakuwa kamar kashin maƙera, wadda masu Faransanci ke kira mashefer. Ana iya niƙa ta, masu bincike ma sun gwada ta a bulo da siminti, sai dai ba ita ce tokar hayaƙi ba. To ka ga duk garin da ya iso Maraɗi da sunan tokar kwal ya yi doguwar tafiya, ya bi hannaye da yawa, kuma kowane hannu na iya ƙara masa wani abu. Ga kuma masu kawo tokar ɓuntun shinkafa ko ta ɓawon gyaɗa, su ce duk ɗaya ne. Ta ɓuntun shinkafa tana da silika sosai in an ƙona ta da lissafi, wajen digiri 500 zuwa 700, amma makwaɗaiciyar ruwa ce. Tokar kara kuwa, wadda iyayenmu mata ke tacewa don miya da sabulu, abin da ke sa ta yi musu aiki shi ne ainihin abin da ba a so a kankare.

Takardar sinadarai

Ita ce mai kwarjini. Shafi guda ne mai jerin sunaye da lambobi da hatimi, kuma ita dillali ke fara zarowa daga aljihu. A labo ana yin ta da na'urar haske mai karanta sinadarai, ko kuma da tsohuwar hanyar narkarwa da aunawa. Ba ta ɗaukar lokaci, kwanaki kaɗan ne in na'ura na aiki, kuma ɗan samfuri kaɗan take buƙata.

Abin da ake fara dubawa shi ne jimlar abubuwa uku: silika, alumina da oksid na ƙarfe. Ƙa'idar Turai, EN 450-1, wadda Faransa ke bi, tana son jimlar ta kai kashi 70 cikin ɗari. Ƙa'idar Amurka, ASTM C618, ta raba toka gida biyu, ajin F mai ƙarancin kalsiyam da ajin C mai yawansa. Shekaru da dama iyakar ita ce kashi 70 ga F, 50 ga C, daga baya aka gyara, aka mai da kalsiyam ɗin kansa ma'aunin rabuwa, a kan kashi 18. Saboda haka in ka ga takarda an rubuta "ajin F", tambayi bugun wace shekara aka bi.

Ga inda nake da ja da masu tsayawa a wannan takarda. Je ka gulbin Maraɗi da rani, ɗebo yashi, niƙa shi ya yi laushi, ka kai wa na'urar. Za ta ce maka silika ta cika ta batse, ya haye kashi 70 da tazara. Alhali yashin nan ko ya shekara ɗari cikin kankare ba zai haɗu da komai ba, domin silikarsa a ɗaure take kamar dutse, ba gilashi ba ce. Na'urar tana ƙidaya abin da ke ciki ne, ba ta faɗin ko zai yi aiki. Ƙa'idar Turai ta lura da wannan, shi ya sa ta ƙara neman silika mai aiki ta kai kashi 25, amma wannan gwaji ne daban, kuma sai ka nema da bakinka ake yi maka.

Duk da haka ba zan ce a yar da ita ba, domin akwai cututtukan da ita kaɗai ke gani da wuri. Salfet, wato gishirin farar wuta, in ya yi yawa yana kumbura kankare bayan ya riga ya daskare. Amurka ta tsayar da shi a kashi 5, Turai a kashi 3. Kulorid, dangin gishiri, shi ke cin rodi da tsatsa daga ciki har dal ta fara zubar da ɓawo, kuma Turai ba ta yarda ya wuce kashi 0.10 ba. Akwai ƙonanniyar farar ƙasa da ba ta haɗe da komai ba, wadda ke shan ruwa a makare ta tsaga gini. Akwai kuma sodiyam da fotasiyam, sinadaran kanwa da tokar miya, masu faɗa da wasu nau'o'in tsakuwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai nuna kansa a curin gwaji, wato dunƙulen kwaɓin da ake fasawa don auna ƙarfi, mai kwana 28. Sai gini ya shekara biyar ko goma, mai shi ya riga ya manta sunan wanda ya sayar masa da tokar.

Ƙananan gwaje-gwaje uku masu tsaron ƙofa

Kafin a kai ga babban zaɓi, akwai gwaje-gwaje uku marasa tsada da nake ganin babu dalilin tsallake su, don sau da yawa su ke kashe magana tun ba a je ko'ina ba.

Na farko shi ne asarar ƙuna. A busar da toka, a auna kamar giram ɗaya, a sa a tanderu, a fito da ita a sake aunawa. Abin da ya ragu a nauyin, galibinsa gawayin da bai ƙone ba ne. Gawayi soso ne: yana shanye ruwan kwaɓi, yana shanye magungunan da ake zubawa a kankare, yana kuma baƙanta shi. Amurka ta ce kada asarar ta wuce kashi 6. Turai ta yi mataki uku, A har kashi 5, B har 7, C har 9. Akwai wani ɗan bambanci da mutane ba sa lura da shi: hanyar Amurka tana ƙonawa a digiri 750, ta Turai a 950. In wani ya cakuɗa tokar da garin dutsen farar ƙasa don ta yi auki, wutar 950 ce za ta fi tona masa asiri, domin a wannan zafin dutsen ke sakin iskarsa duka, nauyi ya faɗi.

Na biyu rariya ce, mai ido mikiron 45, wanda ya fi silin gashi sirantaka. Ana wanke tokar a kanta da ruwa a auna abin da ya ƙi wucewa. Amurka ta yarda da kashi 34, Turai kashi 40 ga ajin N, 12 ga ajin S mai laushi sosai. Tokar gindi da ba a niƙa da kyau ba, a nan take faɗuwa.

Na uku shi ne yawan ruwan da take nema. Toka ta gari, saboda ƙwallayenta masu santsi, tana sa kwaɓi ya yi laushi da ƙarancin ruwa. Amurka ta ce kada ta nemi fiye da kashi 105 na ruwan da siminti zalla ya sha. Wannan lamba tana da nauyi a wurinmu fiye da yadda take a takarda. Leburan Maraɗi in suka ga kwaɓi ya yi tauri, ba sa jiran izinin kowa, bokitin ruwa suke ƙarawa, kuma kowane ƙarin ruwa ragin ƙarfi ne. Tokar da ke jawo ƙarin ruwa ta cinye ribarta tun a bakin injin kwaɓi.

Danshi ma ana aunawa, iyakarsa kashi 3 a ƙa'idar Amurka. Wanda ya sayi jiƙaƙƙiyar toka da kilo, ruwa ya saya.

Gwajin ƙarfi

Wannan shi ne mai cin lokaci, kuma shi ne mai amsa tambayar Alhaji kai tsaye. Ana yin kwaɓi biyu da yashi na musamman wanda aka tace, iri ɗaya a ko'ina. Ɗaya siminti zalla, ɗaya an cire wani kaso an sa toka. A zuba su a ma'auni, a ajiye cikin ruwa, ranar da aka ɗiba a sa su a injin matsa har su fashe. Ƙarfin mai toka in aka kwatanta da na zalla, shi ne ma'aunin aikin tokar.

A nan ne ƙa'idojin biyu suka rabu da gaske, kuma a nan ne zaɓi ke da ma'ana.

Hanyar Amurka, wadda ASTM C311 ta bayyana, tana maye kashi 20: giram 400 na siminti, 100 na toka, a kwatanta da giram 500 na siminti zalla. Ana zuba ƴan curi masu santimita 5 ta kowane gefe. Ruwan kwaɓin mai toka ana daidaita shi ne har laushinsa ya yi daidai da na zalla. In ƙarfi ya kai kashi 75 a kwana 7 ko a kwana 28, toka ta haye. Kyanta sauri: mako guda ka iya samun amsa.

Hanyar Turai tana maye kashi 25. Sanduna ake zubawa masu santimita 4 da 4 da 16, a kan ma'aunin giram 450 na abin ɗauri, 1350 na yashi, 225 na ruwa, kuma ruwan ba ya canzawa ko da toka ko babu. Tana son kashi 75 a kwana 28, sannan kashi 85 a kwana 90. Duka biyun, ba ɗaya daga ciki ba.

Ka yi wannan lissafin da kanka. In ka cire kashi 20 na siminti ka sa garin da ba ya aikin komai, saura kashi 80 suna nan suna ɗaurewa, garin kuma yana cike gurabe. Ba abin mamaki ba ne ƙarfin ya zo dab da kashi 75, ko ma ya haye. Masana a Amurka kansu sun daɗe suna kukan cewa niƙaƙƙen dutse na iya cin wannan jarrabawa. A kwana 7 kuwa, toka ajin F ba ta ma farka daga barci ba, don haka abin da aka auna a ranar ƙarfin simintin ne da laushin garin. Sharaɗin kwana 90 na Turai shi ke raba gari mai rai da matacce. Ɗauki misali: siminti zalla ya ba da megafaskal 45, wato ma'aunin ƙarfin jure matsi, a kwana 28, ya hau 50 a kwana 90. Mai toka sai ya kai kusan 34 a farko, sannan 42.5 a ƙarshe. Wato dole a ga yana cim ma na zalla, tazarar tana raguwa. Mataccen gari ba ya iya wannan, tazararsa tana nan yadda take.

Don haka in aka ce in zaɓi ɗaya, hanyar Turai zan bi, ko kuma in ce wa labo su yi ta Amurka amma su zuba ƙarin curi a ajiye har kwana 90. Kuɗin ƙarin curi bai taka kara ya karya ba. Wata ukun jira shi ne tsadar, kuma na san ɗan kwangila da ke da wa'adi a wuyansa ba ya son jin wannan. Akwai wani dalili na biyu da ya fi na kimiyya ƙarfi a aikace: takardun kwangila a Nijar da masu sa ido kan aiki, da ƙa'idojin Faransa da na Turai suka saba. Ka kawo musu sakamako da ba su saba karantawa ba, ka buɗe wa kanka ƙofar gardama ranar karɓar aiki.

Tare da gwajin ƙarfi akan yi na kumburi. A hanyar Turai ana cika ɗan zoben Le Chatelier mai allurai biyu da kwaɓin siminti da toka, a dafa shi a ruwa, a ga yadda alluran suka buɗe, kada ya wuce milimita 10. Amurka kuwa ta daɗe tana amfani da tukunyar tururi mai matsi, iyaka kashi 0.8, a tsofaffin bugun ƙa'idarta. Gwaji ne mai sauƙi, kuma yana kama wani ɓangare na haɗarin da takardar sinadarai ke gargaɗi a kai.

Simintinka, yashinka, ranarka

Ko gwajin ƙarfi na ƙa'ida yana da gurbin da bai cike ba, domin da yashin labo da ruwa mai sanyin digiri 20 ko 23 ake yinsa, kuma da simintin da kusan duk kilinka ne, wato ƙonannen dutsen da ake niƙawa ya zama ainihin siminti. Simintin da muke saye a kasuwa sau da yawa ba haka yake ba. Duba jikin buhu. In ka ga CEM II/A-L, an riga an haɗa shi da garin dutsen farar ƙasa kashi 6 zuwa 20 tun daga masana'anta. In B-L ne, kashi 21 zuwa 35. Ka ɗauki irin wannan na biyun ka sake cire kashi 20 ka sa toka, kana iya wayar gari kilinkar da ta rage ba ta fi rabi da ɗan kai ba. Nono ne da mai talla ta riga ta sirka, kai kuma ka ƙara masa ruwa. Tokar ma ba za ta samu isasshiyar farar ƙasar da za ta yi aiki da ita ba. Toka ɗaya za ta iya yin kyau da siminti mai lambar ƙarfi 42.5 ta kuma ba da kunya da mai 32.5.

Shi ya sa matakin ƙarshe shi ne kwaɓin gwaji na kankaren gaske: simintin da za ka yi aiki da shi, yashin da tifa ke kawo maka, tsakuwarka, ruwanka. A yi kwaɓi uku ko huɗu, ɗaya babu toka, sauran da kashi 10, 15, 20 ko 25. A auna zubewar kowanne da mazurarin Abrams, wanda ake gwada laushin kwaɓi da shi, a zuba curi, a fasa a kwana 7, 28 da 90. Kuma da sikeli za a auna tokar, ba da bokiti ba. Nauyinta wajen ninki 2.3 na ruwa ne in siminti yana 3.15, ga shi tana kumbura a buhu, saboda haka bokitin toka da bokitin siminti ba ɗaya ba ne ko kusa.

Zafin Maraɗi yana da fuska biyu a wannan harka. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40, toka tana saurin farkawa fiye da yadda take yi a Turai, kuma tana rage zafin da kankare ke haifarwa a cikinsa, abin da ke da amfani a kauri irin na babban tushe. Wannan alheri ne. Amma aikinta sai da ruwa. Dal da aka zuba da hunturu, iska na kaɗawa, aka yayyafa mata ruwa kwana biyu aka bari, tokar cikinta ta zama ƙura kawai. Kankare mai toka yana son aƙalla mako guda a jiƙe, fiye ma in da hali, kuma ba a gaggawar cire masa katako. Na kan ce a zuba curi kashi biyu, wasu a tankin labo, wasu a bar su gefen aikin suna shan irin ruwan da aikin ke sha. Bambancin da ke fitowa tsakaninsu yakan faɗi gaskiya game da mai ban ruwa fiye da tokar.

Yamai ko Kano

Mutumin Maraɗi yana tsakanin hanyoyi biyu. Yamai tana da nisan fiye da kilomita 600, amma can ne babban labo na ƙasa mai kula da ayyukan hanyoyi da gine-gine, LNTPB, wanda hatiminsa ke da nauyi a aikin gwamnati, ga kuma makarantar injiniyoyi ta EMIG. Katsina da Kano da Zariya sun fi kusa, jami'o'insu kuma sun daɗe suna gwada toka iri-iri a siminti. A gida akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, kuma kafin ka ɗora kaya a mota yana da kyau ka fara tambaya a can abin da za su iya yi maka, musamman fasa curi, don curin da bai ƙosa ba ba ya son jijjigar doguwar hanya. In dole sai an yi nisa, gara a aika da busassun kayan a kwaɓa a can.

Mai bin hanyar kudu ya tuna da abu biyu. Iyaka tana iya rufewa, mun gani a 2019 mun kuma gani a 2023, alhali curinka na kwana 28 ba ya jiran siyasa. Sannan a Nijeriya curi mai kusurwa huɗu na santimita 15 aka saba fasawa, mu kuwa silinda mai faɗin 16 da tsawon 32. Kankare ɗaya yana ba da lamba mafi girma a mai kusurwa. Abin da ake rubutawa C25/30 ke nan: 25 a silinda, 30 a mai kusurwa. Wanda ya dawo daga Kano da 27 yana murna ya wuce 25 da takardar kwangilarsa ta nema, bai kai ba. Yanzu da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ke tafe, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, injiniyoyin ɓangarorin biyu za su ƙara cuɗanya, kuma irin wannan ruɗani zai ƙaru in ba a kula ba.

Wa zai biya me

Mai gina gidan kansa, dal ɗaya ta mita kubik 10, buhu 14 zai tsirar in komai ya tafi daidai. Kuɗin mota da na labo da jiran wata uku sun cinye wannan. Ya sayi simintinsa na buhu, ya kashe kuɗin a kan wanke yashi da ban ruwa.

Mai buga bulo da pave, wato bulon shimfiɗa a ƙasa, wanda ba rodi a kayansa kuma yana cin siminti kullum, shi ne ya fi kowa cin moriya. Kulorid bai dame shi sosai ba. Ya yi ƙananan gwaje-gwajen nan uku da na kumburi, sannan ya buga bulo da kaso daban-daban ya kai a fasa. Zai iya jinkirta cikakkiyar takardar sinadarai, amma ban da salfet. Sai dai ya sani bulonsa zai daɗe a fili kafin ya isa lodi.

Mai aikin rodi, bene ko gada ko tankin ruwa, ba shi da zaɓi tsakanin biyun. Duka zai yi, bi da bi: ƙananan gwaje-gwaje, in ta haye a yi sinadarai, in ta haye a yi ƙarfi har kwana 90, sannan kwaɓin gwaji. Jerin yana da amfani domin kowane mataki na iya hutar da kai kuɗin na gaba. Kuma ya samu amincewar mai sa ido a rubuce kafin hatsin toka ɗaya ya shiga injin.

Takardar da dillali ya kawo kuwa, karanta ta, ka duba kwanan wata da sunan tashar da tokar ta fito, amma kada ka gina komai a kanta. Ko ta gaskiya ce, tana magana ne kan tokar da aka ɗiba a wata rana, alhali toka tana canzawa da canjin kwal da yanayin wutar tasha. Asarar ƙuna da rariya, a kowace mota sabuwa ake maimaita su.

Ƙullin ledar Alhaji ban kai shi ko'ina ba, don wanda ke son sayarwa ne ya zaɓo shi. Na roƙe shi ya tura yaronsa, da takunkumi a hanci saboda ƙurar ba ta da kyau ga huhu, ya ɗebo daga buhu goma, na sama da na tsakiya da na ƙasan lodi. Muka juye a kan leda mai tsabta muka cakuɗa, muka raba huɗu, muka ɗauki biyu masu fuskantar juna, muka sake cakuɗawa har ya rage kamar kilo goma. Rabi ya tafi labo tare da buhu ɗaya na simintin da yake aiki da shi. Ɗaya rabin yana ofishina cikin bokiti mai murfi, an rubuta kwanan wata da lambar mota a jikinsa, ni da Alhaji da dillalin duk mun sa hannu a kan takardar da aka manna a bakin murfin.